Ƙwaryar da Inna ta kai zauren Alhaji

Ranar Lahadi ce, kasuwar Tawa na ci, a daminar da haƙorana na gaba suka fita, rufin ɗakinmu ya zubo bisa tabarmar da ƙanena bai jima da tashi daga kanta ba. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki guntun itacen rufin ta murza, sai ga shi yana zuba kamar gari. Gara ta daɗe da cinye shi, Alhajin da muke haya gidansa kuwa ya sani.

A lokacin ɗan haya ba ya kai kuka da bakinsa. Dattijo ake aikawa, ya yi ta gaisuwa, ya dawo da "sai bayan damina". Baba ya ce a bi hanyar. Inna ta cika ƙwarya da garin itacen, ta rufe da faifai kamar mai kai fura, ta aje a zauren Alhaji gaban baƙinsa. "Ga rufinka, Alhaji, na kawo maka abinka." Kwana uku aka ba mu mu tashi.

Tun daga nan zama ya ƙare mana. Mata suka riƙa aikowa, Inna ta saɓi taɓarya ta bi gidajen haya tana ƙwanƙwasa rufi, ta kasa kunne, ta ce wannan zai kai baɗi, wancan a fid da yara yau. Ta tara matan su tafi wurin mai unguwa, daga baya har meri, ofishin magajin gari. An gyara ɗakuna da dama. Mu kuwa, duk mai gidan da ya gane ko wace ce, sai ya tuna ɗansa zai yi aure yana son ɗakin. Ban taɓa yin carafke da ƙawa ɗaya damina biyu ba, kuɓewar da na shuka bayan ɗaki wasu suka ci. Wani tashin na fashe da kuka, na ce ina ruwanmu da rufin mutane. Ta ci gaba da ɗaure tabarmi, ta ce in ɗauko tukunya.

Yau na daɗe a ƙofa ɗaya, yarana sun girma da abokan da suka yi rarrafe tare. Makon jiya maƙwabciyata mai haya ta nuna mini tsagar bangonta, na ce ta yi haƙuri, na dawo gida na kasa zama. Zaman da na roƙa ina ƙarama na samu, amma tun rasuwar Inna ban san wa zan tura matar nan wurinsa ba.