Yadda Khem Dai Ya Ajiye Tumbi a Gifu

Khem Rai kwandastan bas ne a garin Dharan na Nepal kafin ya zo Gifu ta ƙasar Japan, kuma ko bai faɗa ba, muryarsa za ta tona shi. Ya daɗe yana rataye a ƙofar mota yana ƙwala wa fasinja kira, sai ga shi a gidan kula da tsofaffi, inda ko ƙofa za ka rufe sai ka lallaɓa ta. Na riga shi zuwa daga Nepal, don haka aka ce in riƙa nuna masa hanya. Ya girme ni, ina ce masa Dai, wato yaya, shi kuma ya ce mini Bahini, wato ƙanwa.

Rusunawa irin ta gaisuwar Japanawa ba ta ba shi wahala ba, sai ma dai ya zarce. Na taɓa kama shi yana rusuna wa injin sayar da lemo, wai injin ne ya fara yi masa godiya. Murya kuwa ya yi ta danne ta, amma raɗarsa ma ana ji daga ƙarshen baranda.

A gaisuwa ya jawo wa kansa. A gida Nepal in ka haɗu da mutum sai ka ce, "An ci shinkafa?" Ba wanda ke jiran labarin cikinka. Khem ya ɗauko wannan ya juya ta zuwa Japananci, ya kai wa shugabarmu, Kuroda-san, wata dattijuwa mai ƙarancin magana.

"Kuroda-san, an ci shinkafa?"

Ta ɗan yi turus, ta ce ta ci. Gobe haka, jibi haka. A nan mutane ba sa fitowa fili su roƙi abu, sai dai su zagaya. Sai ta ɗauka bawan Allahn nan yunwa ke cinsa, kunya ce ta hana shi faɗa. Wata safiya ta miƙa masa curin shinkafa naɗe a ganyen teku, da hannu biyu.

Khem kuwa ba ya barin ɗaki sai ya tashi da tulin shinkafa da miyar wake. Amma ni da bakina na gargaɗe shi kada ya mayar da kyautar babba. Ya karɓa ya cinye.

"Ya ishe ka?" in ji ta.

Ya karkatar da kai gefe, yadda muke cewa i. A wurinsu kuwa mai shakka ne ke karkatar da kai. Washegari curi biyu ta kawo. Ya sake karkatar da kai, suka zama uku.

"Bahini, matar nan kirki zai kashe ni," ya ce mini wata rana yana sassauta ɗamarar wando. "Haka ake yi wa kowane sabon ma'aikaci?"

"Ni dai ba a yi mini ba, Dai. Ƙila ka fi ni farin jini."

Kafin sanyi ya shigo rigar aiki ta fara kama shi. Wani tsoho, Nagase-san, duk lokacin da Khem ya sunkuyo zai ɗaga shi daga gado sai ya bubbuga masa ciki ya tambaya wata nawa.

Rannan Kuroda-san ta ja ni ɗakin wanki ta rufe ƙofa. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ta tambaya ko Rai-san yana cikin wata damuwa, don kullum maganar abinci yake mata, kuma duk abin da ta kawo ba ya isarsa. Na so in daure, dariya ta ƙwace mini har na dafa injin wanki. Da na yi mata bayani ta rufe baki da hannu, kunnuwanta suka yi ja.

Ta je ta same shi ta rusuna tana ba da haƙuri. Shi ma ya rusuna, ya fi ta yin ƙasa. Ta ƙara, ya ƙara. Tsofaffi suka juyo da kujerunsu masu taya suna kallo, har Nagase-san ya ce a tashe shi in an samu wanda ya ci gasar.

Khem bai iya barin alheri ya tafi haka nan ba. Ya kawo mata kwalbar yajin tumatir na garinsu, mai jan barkonon nan da ko mu sai mun shirya muke taɓawa. Ta ɗanɗana a gabansa. Hawaye suka cika mata ido, ta ce da daɗi ƙwarai.

"Kin gani? Har kuka ta yi," ya ce mini. "Gobe babbar kwalba zan kawo."

"Dai, don girman iyayenka ka ƙyale baiwar Allahn nan."

Bai ji ba, ya kawo. Daga baya muka samu labarin mijinta ne ke shanyewa a kan taliya, har yana aiko da kwalbar a wanke tas don a sake cikawa.

Bara Khem ya ci jarrabawar ma'aikatan jinya a zama na biyu, matarsa Sabitri ta iso da 'yarsu. A filin jirgi ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita fa an gaya mata wahala ake sha a Japan.