Neman Jirgin Katakon Baba

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da Baba, muka kama jirgin ƙasa zuwa cikin Kuala Lumpur. Ziyara ya kawo mini nan Malesiya, kwana biyu ya rage masa ya koma Kano, kuma ya rantse ba zai koma hannu rabbana ba.

Baba kafinta ne. Yana saurayi ya kalli wani fim ɗin yaƙi a silima, jiragen Ingila suna tafiya ƙasa-ƙasa suna sakin bam. Maigidan da ya koya masa aiki ya ce masa da katako aka ƙera su, sunansu Sauro. Shekara hamsin yana faɗin haka a majalisarsu, shekara hamsin ana yi masa dariya. Da ya nuna musu a waya, suka ce waya ai yanzu har kaza take naɗa wa rawani. Abin yana cin sa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na sha yin dariyar.

A unguwar Brickfields muka karya da roti, wata irin gurasa, da shayi mai kumfa, ringgit takwas na kuɗin ƙasar mu biyu. Baba ya ce shayin ya cika zaƙi, ya shanye, ya nemi ƙari. Ya kuma leƙa ƙarƙashin teburin ya ce wanda ya haɗa shi bai gama koyo ba.

A unguwar Bukit Bintang muka hau hawa na huɗu na wata tsohuwar kasuwar bene, inda wani dattijo Basine yake sayar da ƙananan jiragen ado. Na faɗi sunan jirgin.

"Boleh, boleh," ya ce, wato "za a iya" a yarensu, ya miƙo kwali.

Baba ya buɗe, ya ƙwanƙwasa fiffiken da farce, ya dube ni.

"Uwata, wannan roba ce. In na kai musu wannan ai na gama kunyata kaina."

Na yi wa mai shagon bayani tun daga farko. Ya yi dariya har da tari, ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon littafi mai hotuna. Ga masana'anta, ga kafintoci maza da mata da zarto da gam, suna haɗa gangar jikin jirgin da falankai. Baba ya sa tabarau ya ƙura wa hotunan ido. Dattijon ya ce a ƙasashe masu laima irin nan, katakon da gam ɗin sun ba su wahala. Da na fassara, Baba ya buga kanta.

"Dole! Ai da sun tambaye ni."

Ringgit sittin aka ce kuɗin littafin, Baba da ke taya ko allura bai taya ba. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, ya cusa littafin cikin riga, shi kuwa ya jiƙe sharkaf yana murmushi.

Da muka isa gida na tambaye shi wa zai fara nuna wa. Ya shafa bangon littafin, ya ce:

"Wanda ya fi kowa dariya ya rasu bara. Shi na so ya gani." Ya goge ido. "Amma saura huɗu, kuma za su ji a jikinsu."

Na ji daɗin ranar ƙwarai, na kuma ji kunya. Abin da na koya shi ne, in tsohonka ya daɗe yana maimaita magana, ka tashi ka raka shi tun masu sauraro suna nan.