Nauyin da Malam Hadi Zai Kawo Gaya

Har gobe ba zan manta da wata Talata ta kakar gyaɗa ba, ranar da na yi aikin da nake taƙama da shi, ashe saura kaɗan ya zama mafi munin aikin da hannuna ya taɓa yi. Na haura shekara ashirin ina gyaran babura a Gaya, kuma don ku da kuka shigo sana'ar a bayanmu nake ba da wannan labari.

Ga wanda ba bakanike ba, shokan gaba su ne ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. A cikin kowace ƙafa akwai sifirin da mai. Sifirin ke karɓar dukan rami, mai kuma ke hana shi dawowa da tsalle. A yankinmu in kaka ta yi, manomi zai ɗora buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki, sai gaban babur ya durƙushe. Don haka muke da dabararmu: mu zuba man giyar mota mai kauri, mu yanko guntun bututu mu cusa a saman sifirin. Babur ya miƙe, ya yi tauri kamar taɓarya. Jijjiga kam sai abin da ya ƙaru, amma buhun gyaɗa bai taɓa kawo ƙara ba.

Da hantsin ranar Malam Hadi ya shigo. Malamin Islamiyya ne a wani ƙauye da ke bayan Gafasa, kuma shi ke auren Hauwa, 'yar yayana. Wato ni surukinsa ne. Tun daga bakin gareji ya tuɓe takalmi a kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙe, ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa.

"Baba, gaban babur ɗin ne yake buga ni. Ina so a duba min shi sosai, don akwai nauyi a gida da zan riƙa kawowa Gaya."

"Yaushe za ka fara?"

"Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu."

"Nauyin da yawa ne?"

Ya sosa ƙeya. "To, Baba, ya dai fara yawa."

Na ce a raina, madalla, bana malam ya yi gyaɗa. Na kwance ƙafafun biyu, na tarar sil ɗin hagu, wato robar da ke tare mai, ya tsage, man ya tsiyaye. Na canza shi, na ɗura man giya, na yanko bututu mai tsawon ɗan yatsa na cusa. Da yake na gida ne, har ƙari na yi masa. Da na gama na danna kan babur ɗin da dukan ƙarfina, da ƙyar ya motsa. Na ce, "Ko buhu huɗu ka ga dama ka ɗora." Malam Hadi ya danna shi ma, ya sake dannawa. Daga ƙarshe ya ce Allah ya saka da alheri, ya tafi.

Bayan la'asar na koma gida. Ina cin abinci nake ba mai ɗakina Hajara labari, ina yabon kaina. Sai na ga ta ajiye ludayi.

"Malam, yaushe Hadi ya yi gonar gyaɗa? 'Yar gonar gero ce da shi, ko na ci ba ya isar su."

"To wane nauyi zai kawo?"

Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya tsufa bai waye ba. "Hauwa ce. Wata bakwai ke nan, gobe ranar awonta. Sau biyu tana ɓari, kai dai rashin lafiya aka ce maka. A asibiti sun ja masa kunne kan jijjiga. Da wane bakin kake so ya gaya wa surukinsa?"

Nan take na ture kwanon abincin. Ƙauyensu ba ya samun mota da sassafe, babur ɗin nan shi ne motarsu. Kuma na san hanyar: kafin a hau kwalta akwai burji mai gargada da ramukan da damina ta bari. In gaba ya yi tauri, duk ramin da taya ta faɗa babur ɗin gaba ɗaya ke zabura, wanda ke baya kuma a ƙugunsa yake ji.

Na zuba sifanu a buhu, na ɗauki galan ɗin mai mara kauri da kananzir, na kama hanya. Ban taɓa lura da yawan ramukan hanyar nan ba sai ranar. Na same shi a ƙofar gida yana duba allunan ɗalibai. Ya miƙe a firgice.

Na ce, "Na manta wani abu a cikin shokan nan. Turo shi gindin darbejiya."

Na zare bututun na jefar. Na tsiyaye man giyan, na wanke ƙafafun da kananzir, na auna sabon mai da gwangwanin madara, cikinsa ɗaya a kowace ƙafa, don in ɗaya ta fi ɗaya babur zai riƙa karkata. Na sassauta shokan baya, na rage iskar tayoyi kaɗan. Sannan na sa aka ciko min kwanon sha da ruwa, na hau baya na riƙe shi, na ce ya ja mu zuwa bakin burji mu dawo, a hankali. Ruwan ya yi ta rawa, amma ko gwiwata bai jiƙa ba.

Duk aikin nan ba wanda ya ambaci sunan Hauwa. Ita ma ba ta fito ba, sai dai fura ta fito daga cikin gida, damammiya da nono har da sukari. Da zan tafi ana kiran magariba, ya raka ni yana riƙe da buhun sifanuna. Na ce, "Nauyin nan a riƙa bi da shi sannu." Ya ce, "In sha Allahu, Baba." Na yi sauri na buga babur ɗina.

Bayan wata biyu Hauwa ta sauka lafiya, aka samu mace. Na yi wa Allah godiyar da ban san iyakarta ba. Na kuma gode wa Hajara, wadda ba ta san sifana mai lamba goma ba, amma ita ta gyara babur ɗin nan.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa faɗin abin da ya fi damunsu kai tsaye, kunya ba ta barin su, kuma ba za su yi musu da babba ba ko da ya yi kuskure. Don haka kafin ku taɓa shokan kowa, kada ku tsaya kan me zai ɗauka. Ku tambaye shi wa zai hau baya. In ya sunkuyar da kai ya yi shiru, kada ku ƙara tambaya, ku sassauta masa.