Kwalabe Takwas a Firizar Mama

Aikina a ɗan ɗakin gwajinmu na Mahuta bai wuce gadin kwalabe ba. Riga-kafin kaji muke haɗawa, wanda muke fata zai jure zafi har ya kai ga masu kiwo a Kakau ba tare da ƙanƙara ba. Abin da ke aiki a cikinsa furotin ne, shi kuwa ya fi ɗan auta shagwaɓa: zafi ya ɓata shi, daskarewa ma ta ɓata shi. Wasu kwalaben mukan ajiye a akwatin ɗumi, wasu a firij. Duk mako biyu nakan ɗebo daga kowane ɓangare, in haska a na'ura in ga ko ruwan ya gurɓace, in auna ƙarfin da ya rage. Na firij su ne ma'auni. In babu su, babu abin da za mu kwatanta na ɗumin da shi.

Muna wata na biyar cikin shida na gwajin taransifomar unguwa ta ƙone, janaretanmu kuma ya zaɓi ranar ya yi yaji. Na ɗumi ban damu da su ba, zafin bazara ya ishe su. Takwas ɗin da suka rage a firij na zuba a kula, na hau keke zuwa Sabon Tasha wurin matar da nake haya a gidanta, Ibo ce mai sayar da ƙanƙara, injinta ba ya hutawa. Mama muke ce mata.

Na ce, "Mama, magani ne, ki sa mini a firij."

Ta ce, "No wahala, 'yata, je ki abinki."

Ban ce mata ban da firiza ba. Har yau ina cizon yatsa a kan wannan.

Bayan kwana uku aka gyara wuta, na je karɓa. Sai na ga ta wuce firij, ta ɗaga murfin babbar firiza.

Ta ce, "Firij ɗin nan kowa buɗewa yake. Na ce magani sai inda ya fi sanyi. Har ƙanƙarata na kwashe don in ba su wuri."

Na ɗago kwalaben. Sun daskare kamar tsakuwa.

A wurin aiki na bari suka narke, na girgiza su, na jera a bakin taga. Lafiyayye yakan daɗe fari kamar madara. Nawa kuwa nan da nan gari ya kwanta a gindi, ruwa garau a sama, duka takwas ɗin. Na sake girgizawa, alhali na san babu amfani. Ogan ɗakin gwajinmu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce sai mu sake daga farko in an sake ba mu kayan haɗi. Ba a ba mu ba.

Da na koma gida na tarar da Mama a ƙofa, tana ta murmushi.

"Yaya maganinki? Ya yi sanyi da kyau, abi?"

Na ce, "Ya yi, Mama. Na gode."

Ta ce gaba in kawo mata kai tsaye, wurin yana nan.