Shinkafar da Ta Yi Tsatsa

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babban fari na shuka shinkafa a gayaunata, bakin tafkin da ke kan hanyar Gagarawa. Ba don ci na shuka ta ba. Autata na da cikin fari, ni kuwa na riga na saki baki a gaban uwar mijinta, wata 'yar Gumel mai kaifin harshe, na ce ranar da za a mayar da mai jego ɗakinta, da shinkafar hannuna za a kai gara.

Ni ba na wasa da aiki. Tokar murhuna, ta maƙwabta, har ta masu daddawa, duk na kwashe a kai na zuba. Haka muke yi wa gero, yana kuwa so.

Da ruwa ya kwanta sai ganye ya fara ɗigon ja, kamar tsatsa a tsohuwar fartanya. Shuka ta tsugune, ta ƙi tashi. Na ce yunwa ce, na ƙara toka.

Wata ranar kasuwar Maigatari malamin gona ya biyo a keke. Ya tumɓuke ɗaya, ya dubi farin da ya bushe a bakin ruwa.

"Iya, wannan ƙasar da ma mai kanwa ce. Akwai wani abu a ƙasa, zinki, kaɗan shinkafa ke so, amma in babu shi ba ta girma. Kanwa ta ɗaure shi, tokarki ta ƙara ƙulli. Da kashin shanu kika sa."

Mata masu ɗiban ruwa duk sun sauke tulu suna ji.

"Sassauta murya, yaro," na ce, "ni ba kurma ba ce."

Abin da na girbe ko ƙwarya bai cika ba. Ranar mayar da mai jego ta zo. Uwa ba ta zuwa kai gara, sai na tura ƙanwata da gero da man shanu. Ta dawo da yamma ba ta son haɗa ido da ni.

"Yaya, kowace ƙwarya sai da uwar mijin ta buɗe. Ta ce, 'Shinkafar tana baya ne a kan jaki, ko toka ta cinye?'"

"Yarinyar fa?"

"Kanta a ƙasa."

Sai ƙanwar tawa ta ajiye tukwici a gabana. Shinkafa ce ta kasuwa, wai a ba ni in ɗanɗana.

Wanda ya ga fari ba ya zubar da abinci. Na saki labule, na dafa, na cinye ni kaɗai.