Saƙon Da Ya Tafi A Yayyanke

Ranar da Rahmatu ta fara shiga shagon da Malam Wada yake aiki, a bakin kasuwar Sabon Birni, bai tambaye ta sunan wanda za a aika wa saƙo ba. Ya san ɗan fari ne, bakinta ba zai kama sunan ba. Ya jawo mata kujera bayan ƙofa inda maza ba sa zama, ya buga "Amiru" da kansa, ya ce, "To matar Labbo, mi za a ce ma yaron?" Ba ta taɓa mantawa ba.

Malam Wada abokin marigayi mijinta Labbo ne. Ya yi ƙuruciyarsa a Isa, gindin wata tsamiya, yana buga wa mutane takardu da tafireta. In layi ya kusa ƙarewa ƙararrawa ta kaɗa, ya ja hannun ƙarfe ya koma farko. Da kwamfuta ta zo, sai Ɗanmusa mai shago ya ɗauke shi buga imel, don hannunsa da sauri, kuma ya iya jera gaisuwa.

Sai dai shi da injin ba su taɓa jituwa ba. Hannu ya riga ya saba, ƙarshen kowane layi sai ya danna babban maɓalli ya sauko. Ita ma kwamfutar da nata ra'ayi, ta sake karya layin inda ta ga dama, rubutu ya fito wani dogo wani guntu, kamar dangar da awaki suka ci. Ga kuma wani maɓalli da ƙaramin yatsansa ke taɓawa bai sani ba, in ya koma gyara sai kowane sabon harafi ya cinye na gabansa.

"Baba, ka bar ta ta yi layinta mana!" in ji Ɗanmusa.

"Ita ta san inda mutum ka numfasawa? Wagga ba inji ba ce, fara ce. Ci kawai ta iya."

Haka zai zauna yana gogewa yana sakewa, ba ya sakin saƙo sai layuka sun tsaya kamar sahun salla.

Shekarun nan ne ruwa ya riƙa ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba. Amiru ya tafi Agadas dako, kuma akwai wani mai shago can da ke fitar masa da saƙo a takarda. Ana cikin haka 'yan'uwan Labbo suka ce in bana ma babu mai noma gonarsa ta Turba, za su ba wani. Rahmatu ba ta iya ɗaukar waya ta yi magana da yaron baki da baki. Sai dai ta zo bayan ƙofar nan, ta faɗa a hankali, Malam Wada ya jera mata tsaf. Amsa ta zo, "Ina nan tafe." Amma ba a gan shi ba.

Wata ranar kasuwa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, ta sake zuwa. Suna tsakiyar rubutu janareta ya soma tari, kuma babu mai a garin. Garin sauri yatsan ya taɓa maɓallin nan, ya cinye rabin gaisuwa, sauran layukan suka warwatse.

"Malam, tura shi haka," in ji Rahmatu.

"Haka? A yayyage?"

"Gona ba ta jiran layi."

Bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ya danna, ya kau da kai kamar wanda aka sa yanka akuyar gidansa. Inji ya mutu.

Mako bai zagayo ba sai ga Amiru bisa babur, da takardar a aljihu da ƙullin magani. Ya tarar da uwarsa tana daka, lafiya lau. Ta dube shi sau ɗaya ta ci gaba da dakanta. A shago ne ya yi bayani: "Na ga magana tana yankewa kamar ta mai jan numfashi. Na ce Baba Wada bai sakin takarda haka sai in abu ya ɓaci."

Ɗanmusa ya yi dariya har da hawaye. "Baba, ashe farar ta fi ka iya kiran mutum!"

Malam Wada ko murmushi bai yi ba. Ruwan farko kuwa ya sami Amiru a gonar Turba da iri a hannu.

Yanzu Malam Wada ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, shagon ma cajin waya ake yi a ciki. Takardar tana nan a akwatin Rahmatu, tare da wata mai layuka tsaf. In ta ɗauko su takan tuna ranar da ya yi sallama a zaure, bayan an yi shuka, yana murza hula a hannu.

"Matar Labbo, roƙo guda na zo yi. Ki ba ni aron takardar nan in sake buga ta bisa tafiretata. Maganar uwa ce, bai kamata a aje ta haka ba."