Takobin da Ya Kalli Dama

Tokuji mai shafen ƙaro ya rasu a kakar bara, kuma har yanzu idan na bi ta layinmu na garin Wajima, a nan Japan, sai in ji kamar ƙamshin ɗakin aikinsa na biyo ni. Mutum ne gajere, mai baƙaƙen farata, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyara kayan gidajen mutane: akushi, akwatin gado, tiren shayi. Yakan shafa ƙaron itacen urushi, wanda ke sa katako sheƙi, ya jira, ya goge da gawayi, ya sake shafawa, har baƙin ya yi zurfi kamar rijiya.

A ɗakin baƙinsa akwai mazaunin takobi da ya gada daga kakanni. Baƙi ne wuluk, an dasa masa ɓawon katantanwar teku a siffar agwagin daji suna ƙetare wata. Idan hasken safe ya taɓa shi sai fukafukan su yi kore, su yi shuɗi, kamar za su tashi. Takobin kansa an miƙa wa hukuma bayan yaƙi. Kube da mariƙi kawai suka rage, da katako a ciki.

Shekarar da 'yarsa Michiyo ta ce Noboru take so, ni aka sa na shiga tsakanin gidajen biyu. Uban yaron, tsoho Hatta, ya koyar da wasan takobi har ya yi furfura, kuma ba ya barin abu ya wuce idonsa. Muka sa ranar da zai zo ganin gida.

Da safiyar ranar Tokuji ya lura fiffiken agwagwa ɗaya ya ɓantale. Ya daɗe da sanin ya yi sako-sako, amma aikin mutane ya hana shi duba nasa. Kunya ta kama shi. Ya ɗaga mazaunin da kuben a kai, ya juya fuskarsa bango, ya bar bayan, mai santsi ba ado, yana kallon ɗaki. Bai tuna cewa mariƙin ya juya tare da shi ba.

A wurinmu mariƙi hagu yake kallo, inda hannu ba zai yi saurin zarewa ba. Haka gida ke gaya wa baƙo ya zauna lafiya. Idan ya kalli dama, maigida bai yarda da wanda ya shigo ba.

Da tsoho Hatta ya iso, ya durƙusa a tabarma, ya ɗaga ido sau ɗaya. Sadae, matar Tokuji, ta kawo shayi. Bai taɓa ba. Ya yi maganar sanyi da tsadar kifi, ya sunkuya, ya nemi takalmansa. Michiyo na bayan ƙofar takarda, na ji numfashinta ya canza.

Sadae ce ta fara ganin mariƙin na kallon dama. Ta ce, “Maigida, wa ka shirya sarewa yau? Surukinka?”

Tokuji ya duba, ya zauna daɓas. “Fiffike nake ɓoyewa.”

“To ka ɓoye fiffike, ka kori ango. Shekara nawa ina ce maka ka gyara abin nan? Akushin kowa na garin nan yana sheƙi, namu ne kawai marayu.”

Michiyo ta shigo ta kwashe kofunan ta fita.

Washegari Tokuji ya naɗe mazaunin a zane, ya goya a baya, muka hau tudu zuwa gidan Hatta. Ya kwance a gabansa, ya nuna gurbin da yatsa, ya faɗi yadda aka yi, goshinsa a tabarma.

Tsoho Hatta ya daɗe yana kallon agwagin. Sannan ya ce, “Wato mai gyaran kayan gari, agwagwarsa gurguwa ce.”

“Gurguwa ce, malam.”

“Kuma da me za ka sare ni? Na ji an ce katako ne a kuben.”

“Katakon ma gara ta fara cinsa.”

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huce ya ce, “Ba zan kai ɗana gidan da tsuntsu ba ya tashi ba. Ka gyara, in zo in sha shayin da na bari.”

Sai dai ƙaron urushi ba ya bushewa a busasshiyar iska, laima yake so, kuma Tokuji ya ƙi yarda da gaggawa a kan wannan aiki. Ya ce damina zai jira. Noboru ya riƙa zuwa yana leƙen sama kamar manomi. Sadae ta ce ba ta taɓa ganin auren da ke jiran gajimare ba.

Ruwa ya sauka a watan shida. Tokuji ya yanka ɓawon, siriri kamar fatar albasa, ya dasa, ya shafe, ya rufe a akwatin laima. Da ƙaron ya kama, tsoho Hatta ya sauko da lema, ya zauna a inda ya zauna da farko, ya sa aka kira Michiyo, ya tambaye ta wane wata take so a yi bikin.